Lokacin da na sayar da naira da naira

Kafin canjin kuɗi, duk unguwarmu an san ni da amana. Ni ma na san kaina da ita, har ina jin daɗin abin fiye da kima. Akwai ranar da wani direban tifa ya zo cirar dubu ashirin, na'ura ta ce ba ta yi ba, ya karɓi katinsa ya tafi hannu rabbana. Bayan la'asar sai ga kuɗin sun faɗo asusuna. Na rufe shago, na hau ɗan sahu har inda suke lodin yashi, na damƙa masa abinsa. Labarin ya zaga majalisu, kuma in gaskiya za a bi, ni na fi kowa taya shi zagawa, don duk wanda ya zauna a bencina sai na san yadda na karkato da hira ta biyo ta kan direban nan.

Sana'ar POS nake yi, a wata 'yar kwantena a bakin titi a nan Kano. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya ba ni jari bayan na gama NCE na shekara biyu ina yawo da takardu a ambulan. Sana'ar ba ta da wani sirri. Mutum ya miƙo kati ka zura, ya danna lambobinsa, kuɗi su bar asusunsa su shigo naka, kai kuma ka ƙirga masa tsaba. A lokacin cajin dubu biyar naira ɗari ne, dubu goma ɗari biyu, a ciki kamfanin na'urar ya yanki nasa, ka sayi takardar rasit, ka sa data. Kamar mai kala ne a gonar da aka gama girbi. Tsabar kuɗi kuwa ba ta taɓa zama abin nema ba. 'Yan kasuwa har roƙonka suke ka karɓi cinikinsu na yini ka tura musu, ka hutar da su layin banki.

Ranar 26 ga Oktoban 2022 gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da cewa za a sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka ce sababbin za su fara yawo ranar 15 ga Disamba, tsofaffin kuma su daina aiki ranar 31 ga Janairun 2023. Da muka ga hotunansu a waya, a majalisarmu aka yi ta barkwanci wai Ƙofar Mata aka kai su aka rino. Dattawa ba su yi dariya ba. Su sun ga canjin 1984, zamanin Buhari na soja, da aka sauya launin kuɗi, aka rufe iyakoki, aka ba mutane 'yan kwanaki. Wani Baba mai goro da ke kasa farantinsa kusa da ni ya ce, "Ɗan nan, a irin wannan ranar ake gane mutane." Na ce haka ne Baba, ina tunanin da waɗansu yake.

Maganar wa ya yi daidai wa ya yi kuskure a wancan tsari an sha ta a rediyo, an kai ta kotu, ba ita ta zaunar da ni rubutu ba. Abin da kowa ya gani shi ne, a makon ƙarshe na Janairu mutane suka yi ta tururuwar kai tsofaffin kuɗi, har da na ƙauye da ba su taɓa buɗe asusu ba. Aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffi suka shige, sababbi ba su fito yadda za su ishi jama'a ba. Tun kafin asuba ake kama layin ATM, ga wahalar man fetur a lokaci guda, ga taransifa ta maƙale a hanya yini biyu. Mutum da kuɗinsa a banki, amma ba shi da na cefane.

Ƙarin farko da na yi, har gobe ba na jin kunyarsa. 'Yan kasuwar da ke kawo mini kuɗi duk suka janye, sai wani yaron gidan mai ya ce zai riƙa ba ni, amma a kowace dubu ɗari in ɗora masa dubu biyar. Ka ga ke nan kowace dubu biyar ta tsaya mini a ɗari biyu da hamsin tun kafin in buɗe shago. Na mai da caji ɗari huɗu. Bayan mako guda ya ce dubu goma zan ɗora, na koma ɗari bakwai. Wannan ma lissafi ya ɗauke shi.

Na uku ne ba shi da uwa ba shi da uba. Wata safiya na ji mai kwantenar tsallaken titi ya kai dubu ɗaya a kan dubu biyar, kuma layinsa bai ragu da mutum ɗaya ba. Inda nake sayowa ba a ƙara mini ko kwabo ba. Da na buɗe, na farkon layi ya ce nawa ne yau, na ji bakina ya ce dubu ɗaya. Ya yi tsaki, ya miƙo kati. Shi ke nan. In na raba dubu ɗari ga mutum ashirin, caji ya tashi dubu ashirin, in fitar da goman da na sayo, goma ta zama tawa cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. A da sai in juya dubu ɗari in tashi da dubu biyu, kafin ma a yanki na kamfani.

Kwaɗayi bai taɓa zuwa mini da sunansa ba, kullum da kalkuleta yake zuwa. Ya ce ai in ka ba su da sauƙi, wani zai karɓa ya je ya sayar a bayan kwantenarka, kuma an yi hakan na gani da idona. Ya ce kai ne kake ratsa lungu da dare da kuɗi a cikin riga, in aka tare ka wa zai biya ka? Ya ce ga aure a gabanka, akwati ko ɗaya ba ka haɗa ba. Ya ce wannan abu na 'yan kwanaki ne, kuma ba kai ka kawo shi ba. Na yi ta juya waɗannan hujjoji daga baya ina neman wadda take ƙarya a ciki, ban samu ba. Duk gaskiya ne. Da a ce akwai ƙarya, da na fi saurin farga.

Amma kuɗin ma ba su ne suka fi shiga raina ba, kuma wannan ne ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina da shekara ashirin da shida, ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, sai ga sa'o'in mahaifina suna ce mini Alhaji. "Ranka ya daɗe, ko dubu biyu ce a taimaka." Wanda a da in na gaishe shi da ƙyar yake ɗaga hannu, yanzu shi yake tambayar lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Na koyi amsa magana ba tare da na ɗago kai ba. Na koyi zuwa a makare. In na iso na tarar da layi, sai in buɗe kwaɗo a hankali, in ɗauki tsintsiya in share gaban shago, in goge na'ura, in jera biro da littafi, mutum talatin suna tsaye a rana suna kallon hannuna. Sharar ba ta zama dole ba. Kallon ne yake mini daɗi. Tun daga lokacin na daina mamakin ma'aikacin da ke ajiye fayil ɗin mutum a ƙasan tebur alhali ko cin hanci ba zai nema ba. Na san abin da yake sha.

Sannan ba kowa nake caja ba. Akwai wani babban mutum da ke aiko direbansa, in ware masa dubu hamsin tun da dare, ba ya bin layi, ba na ɗora masa komai. Ya taɓa cewa in kawo takarduna ya gani, to wannan kalma ɗaya na yi ta saye da kuɗin mutane. Akwai wata budurwa da ke tsayawa daga gefe da farin mayafi, ba ta cewa komai sai murmushi, ita ma dubu biyar ɗinta cif take karɓa. To wa yake biyan nasu? Lebura ne da ya yini yana ɗaukar bulo aka tura masa dubu uku a waya, ya zo ya karɓi dubu biyu da ɗari huɗu. Takardun nawa suna nan a ambulan ɗinsu. Budurwar kuwa tun da kuɗi suka wadata ban ƙara ganin ko mayafinta ba, kuma ban ga laifinta ba.

Zagi na sha shi. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a layina, yana cewa masu POS ba za su gama da duniya lafiya ba, mai sayar da shinkafa ne. Ran nan na je awo wurinsa, ya ce kwano farashi biyu ne, na tsaba daban na taransifa daban. Na dube shi ya dube ni, ba wanda ya yi dariya. Wani malamin makaranta da nake ragewa saboda ya koyar da ƙannena, ashe karɓa yake ya kai wa wani ɗan kasuwa da ƙari. A kasuwannin ƙauye kuma masu tsaba a hannu suka riƙa sayen awaki da hatsi a wulaƙance, saboda mai akuya ba shi da asusu, kuma yana da mara lafiya a gida. Laifi tudu ne. Kowa yana tsaye a kan nasa yana nuna na wani, ni kuma ganin nasu ya zame mini matashin kai.

Mutum ɗaya ne ya hana ni sakewa, shi ma bai san yana yi ba. Mai shayin da ke gefena ne, mutum mai faɗan tsiya, wanda duk unguwa ta san madararsa ba ta rabuwa da ruwa. Ba wanda zai kawo sunansa in ana lissafin mutanen kirki. Shi ne ya sayi littafi mai ɗari biyu ya buɗe bashi, duk wanda ya zo ya sha shayi da burodi ya rubuta. Ranakun da kowa ke gudun tsofaffin kuɗi shi karɓa yake. Na ce masa, "Kai ba ka tsoron su mutu a hannunka?" Ya ce, "To su kwana da yunwa?" Ya ci gaba da sheƙa shayinsa, ya juya ya balbale wani yaro da faɗa a kan cokali. Har yau ban gama gane mutumin nan ba. Na dai daina raba mutane gida biyu tun daga kansa.

A masallacin unguwarmu ana karatu tsakanin magariba da isha. Wani dare aka tambayi Malam hukuncin abin da masu POS ke yi, ina zaune a sahu na biyu, na ji kamar an kunna mini fitila a ka. Malam bai dubi inda nake ba. Ya kawo hadisin Ubada bin Samit, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci zinare da azurfa da alkama da sha'ir da dabino da gishiri, cewa in za a musanya kowanne da irinsa sai daidai wa daida, hannu da hannu, wanda ya ƙara ko ya nemi ƙari ya ci riba. Ya ce ladan aiki yana da fuskarsa, don mutum ya bar sana'a ya zauna, ya sayi na'ura, ya ɗauki haɗari. Amma in ladan ya daina bin nauyin aiki ya koma bin tsananin buƙatar wanda ke tsaye a gabanka, to mai karɓa ya tambayi kansa me yake sayarwa. Abin dariya, a rubutun boko ribar ciniki da ribar da aka haramta duk harufa huɗu ne iri ɗaya, a baki ne ake jan wasalin ɗaya a bar ɗaya. A kwanakin nan ni ma ja nake yi yadda ya yi mini.

Ba ni da ilimin da zan yanke hukunci a wannan mas'ala, malamai sun yi bayani kuma akwai tafsili a ciki. Abin da na yi dai na sani. Na koma gida na buɗe waya ina neman wani malamin da zai faɗi abin da nake so in ji. Na samu wanda ya yi magana a kan mai da kuɗin da mutum ya kashe wajen samo tsabar, na riƙe wannan gaɓa, na kashe kafin ya kai ga sharuɗɗan. Daga ranar kuma ina sallame magariba nake ɗaukar takalmina. Tun muna yara a Islamiyya muka haddace a Arba'una cewa zunubi shi ne abin da ya yi maka kai-kawo a ƙirji kuma ka ƙi mutane su gani. Da waƙa muke rera shi, muna kaɗa kai. Ban taɓa zaton zai biyo ni har cikin kwantena ba.

Yanzu sai maganar Kawu, wadda saboda ita na ɗauki biro.

Kawu yana da shagon sarin kayan masarufi, shinkafa da sukari da taliya da man girki, don haka ko a tsakiyar wahalar tsaba tana shigo masa. Ranar 16 ga Fabrairu shugaba Buhari ya yi jawabi ya ce tsohuwar naira 200 ta ci gaba da aiki har 10 ga Afrilu. Bayan kwana biyu sai ga Kawu da kansa da baƙar leda, rafa goma ta 'yan ɗari bibbiyu, dubu ɗari biyu cif. Ya ce, "Tura mini abin da ke ciki, kada ka ɗora ko sisi. Ka sauƙaƙa wa mutane, ana cikin wani hali." Na ce, "To Kawu, Allah ya saka da alheri." Kuma wallahi da niyyar hakan na kwana.

Da safe mutum uku na farko ɗari bibbiyu na caje su. Ɗaya har ya tsaya yana sake ƙirgawa, yana zaton kuskure na yi. Na huɗu wani matashi ne da na san sayarwa zai yi, na ce wannan kam ba zai ci alherin Kawu ba, na caje shi dubu. Na biyar ya ga abin da na huɗu ya biya, ya miƙo kati bai tambaya ba. Ban ce masa komai ba. Kafin azahar leda ta ƙare, ni kuma ina da abin da ya haura dubu talatin da ban sayo da ko kwabo ba, ban ratsa lungu ba, ban ɗauki haɗarin komai ba. Duk hujjojin nan nawa babu wadda ta halarci wurin, kuma ban nemi ko ɗaya ba. Sau huɗu Kawu yana aiko leda, sau huɗu ina yin haka. In ya tambaya sai in ce ai mutane suna ta sa albarka, kuma suna sawa ɗin, don wanda ya kwana biyu yana nema ko nawa ka yanka godiya zai yi.

A mako na biyu wata dattijuwa ta zo, katinta a ƙulle a bakin zane, lambobin a rubuce a 'yar takarda. Ɗanta ne ke turo mata daga Legas. Ta fara cewa, "Ɗan nan, dama an ce in zo in ce maka…" Na katse ta, na ce, "Iya, nawa za a cire? Mutane na jira." Ta ce dubu biyar. Na ƙirga mata huɗu. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce Allah ya yi mini albarka, ya ba ni mata tagari.

Bayan isha ina haɗa kaya sai ga Kawu a tsaye. Na fito na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Sannu da aiki." Na ce yauwa Kawu. Ya ce, "Maƙociyata da na turo ɗazu ta dawo tana ta godiya, ta ce ka ba ta dubu huɗu, wasu ko ɗaya ba su samu ba." Ya ɗan yi shiru yana kallon titi. "Na cika mata ɗayar." Ya ce a gai da Yaya, wato mahaifiyata, ya hau babur ɗinsa. Da ya zage ni, ko ya ce in dawo masa da jarinsa, da na samu abin riƙewa, in ce ai shi ma ya yi zafi da yawa. Bai ba ni wannan ba. Bai gaya wa mahaifiyata ba, bai sauya mini fuska a gidan biki ko wurin gaisuwa ba. Leda ce kawai ba ta ƙara zuwa ba. Daga baya na ji mai shayi yake kai wa, shi kuma yana raba wa masu bashinsa su tura.

Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigarwa, ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba. Bayan kwana goma Babban Banki ya umarci bankuna su bi. Muka shiga azumi kuɗi na dawowa kaɗan-kaɗan, kafin sallah layi ya watse, caji ya sauko. Alhaji ya koma sunansa na yanka. Sai na wayi gari na sake zama mai amana, ba tare da na yi wani yunƙuri ba, kamar yadda zazzaɓi ke sauka da kansa. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Na koma na dubi labarin direban tifa da nake taƙama da shi. Kuɗin mutum ɗaya ne, na san fuskarsa, in na riƙe sunansa sata kowa ya sani, in na mayar kuma akwai yabo da ke jirana. Ashe wannan jarrabawar 'yan aji ɗaya ce. Dubu ɗaya-ɗaya daga hannun mutanen da ba ka sani ba, a ranar da kowa ke yi, su karɓa har su yi maka addu'a, ita ce ban taɓa zama na rubuta ba sai a Fabrairun nan.

A goman ƙarshe na azumi na ɗauko littafin shago don in fitar da abin da ya hau kaina, ko da na ledojin Kawu ne kawai. A nan na ga wani abu da ban san na yi ba. Littafin yana da layi uku, suna da adadi da caji. Daga ranar da na kai dubu ɗaya, layin caji babu komai, fari fat har tsakiyar Maris. Ba wanda ke duba littafin nan sai ni. Hannuna ya ƙi rubuta abin da bakina ke cewa halal ne.

Kuɗin kuwa sun riga sun zama waya sabuwa da akwati biyu. Na sayar da wayar na fara bin waɗanda na sani. Mayar da haƙƙi ashe ya fi cinsa wuya nesa ba kusa ba, ba don kuɗin ba, sai don bayanin da za ka tsaya ka yi. Wani ya yi dariya ya ce in bar shi, ai kasuwa ce. Wani ya karɓa ya ƙirga, ya ce sau uku ya zo ba sau biyu ba, na cika masa. Mai shinkafa ya karɓa bai ce uffan ba, washegari ya aiko mini da kwano ɗaya, ban san ko kyauta ce ko shi ma nasa lissafin yake ba. Iya ta ƙi karɓa sam, ta ce, "Me ya yi zafi, ɗan nan? Ai ka taimake ni." Na rasa inda zan sa kaina, na ajiye mata a kan tabarma na fito. Leburori da 'yan ƙauye da matafiya kuwa ina zan gan su? Na koma wurin Malam, wannan karon ni kaɗai bayan an watse, ya ce abin da aka rasa mai shi a yi sadaka da shi da niyyar ladan ya je masa. Ina yi kaɗan-kaɗan, ban gama ba.

Da na tashi gyara kwantena bayan sallah, na kira mai fenti ya rubuta caji a jikin ƙofa da manyan lambobi. A da da alli nake rubutawa a wani ɗan allo. Abokaina suka ce wauta ce, komai na tashi a ƙasar nan, kuma sun yi gaskiya, tun daga lokacin sau ɗaya na sake kiran mai fentin da kuɗin takarda da na data suka ƙaru. Amma kiran mai fenti yana cin kwana biyu da kuɗin aiki, kuma a gaban mutane yake yi. Alli kuwa da tafin hannu ake share shi, tsakanin na uku a layi da na huɗu.

A Disambar 2023 tsaba ta sake yin wuya, ko da bai kai na farko ba. Layi ya fara dawowa, na ji wani ya ce ranka ya daɗe, na kuma ji abin nan ya motsa a ƙirjina, lafiyarsa ƙalau, ashe barci kawai yake. Yaron gidan mai ya kira ni da farashinsa. Na lissafa na ga in na saya ba zan iya bayarwa a abin da ke jikin ƙofa ba, na kuma san in na fara da ƙarin da lissafi ya ɗauka ina zan ƙare. Na rufe shago kwana huɗu. Mutanen unguwa suka tsallaka titi suka biya abin da aka ce musu, wataƙila ma da na buɗe da sun fi samun sauƙi, wannan ban warware shi ba har yanzu.

A rana ta biyar ina zaune a benci wurin mai shayi sai ga yaron shagon Kawu a kan keke, ya miƙo mini baƙar leda ya ce a tura wa Alhaji, wato Kawu. Na shiga ciki na ƙirga. Dubu hamsin ce.